Na Je Gwanzu Ɗauko Yaya Yohanna

Tun da na dawo daga ƙasar Sin, duk wadda ta shigo shagona a Kakuri sai ta ajiye atamfarta a kan keken ɗinki ta ce, to Hannatu, ba mu labari. Matan zumuntar cocinmu so suke su ji ko da gaske ne ana cin kwaɗo da maciji a can. Mazan unguwa kuwa, waɗanda suka yi ƙuruciya da yayana, tambayarsu ɗaya ce: yaya Masta, yana nan yana fim? Nakan ce yana nan lafiya, in ci gaba da taka keke. Na gaji da wannan amsar, shi ya sa na zauna na rubuta yadda tafiyar ta kasance, duk mai son ji ya karanta.

Mu biyu muka rage wa Mama, Yaya Yohanna da ni auta. A Makera muka tashi, lokacin da jiniyar masaƙa ke tashin mutane da asuba, Babanmu yana cikin masu amsa ta. Tun Yaya yana firamare fim ɗin Canis ya shiga ransa. In ya dawo daga sinima sai ya rataya buhun yashi a bishiyar mangwaron bayan gida, ya yi ta shuri har Mama ta fito da muciya. Da ya girma shi ma ya shiga masaƙa, ba a jima ba aka rufe ta, sai ya koma koya wa samari faɗa a filin wata makaranta. Nan ya samu sunan Masta. Wani ɗan kasuwa Inyamuri daga Sabon Tasha ya tafi da shi Sin don ya riƙa kula masa da kaya, can wani ya gan shi ya sa shi a fim.

Ranar da faifan ya iso, gidan kallon layinmu bai ɗauki mutane ba. Sai kusan ƙarshe Yaya ya fito, dogon ƙaton mutum cikin jar singileti, shi ne mai tsaron mugun fim ɗin. Ya buɗe baki ya yi magana da yarensu, gidan ya ɗauki tafi. Suka gwabza da jarumin a bakin teku, daga baya aka jefa shi kan akwatunan katako suka farfashe. Aka yi ta mayar da wurin baya ana sake kallo. Mama dai rufe ido ta yi da gefen zane. Daga wannan lokacin sama da shekara goma ke nan bai taka Najeriya ba.

Daminar bara Mama ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Cikin 'yan kalmomin da suke fita sosai akwai sunansa. In na kira shi sai ya ce wata mai zuwa, kuma ya daina yarda a yi kiran da ake ganin fuska, wai kamarar wayarsa ta lalace. Na kai kukana wurin Mama Emeka, matar mutumin da ya tafi da shi, wadda ita ke riƙe da kasuwancin tun da mijin ya rasu. Ita ta bi mini hanyar biza a matsayin mai zuwa sarin yadi, ta ce in shirya mu tafi tare. Na durƙusa gaban gadon Mama na ce zan je in ɗauko shi. Ta matse mini hannu da hannunta mai lafiya, ta yi ta nuna kicin da ido har na gane. Na ɗaure garin acca, da busasshiyar citta, da daddawa, na ƙara da kilishi. Na bar ta hannun mijina da matan zumunta.

Da mota muka tafi Abuja. Kowa ya san yadda hanyar take, daga an bar gari an shiga daji sai hira ta mutu. Wani Alhaji a gaba yana jan carbi, mu a baya muna tamu addu'ar a zuci. Can tsakiyar daji taya ta fashe. Ban taɓa ganin an canza taya da sauri haka ba, Alhajin da kansa ya tuɓe babbar riga ya riƙe jak, hankalinmu bai kwanta ba sai da muka ga rufin kwano a gaba.

Ban taɓa hawa jirgin sama ba sai ranar. Mama Emeka tana zama ta lulluɓe ta yi barci, ni kuwa na riƙe kujera har yatsuna suka sage. A Habasha muka canza jirgi, a nan masu bincike suka zaro almakashina daga ƙasan jakar hannu. Na manta yana ciki, kuma ban san yadda ya wuce a Abuja ba. Da shi na koyi yanka, da shi na buɗe shago. Na roƙi matar da ta zaro shi da Turancin da nake da shi, ta jefa shi cikin wani kwando ta kira na bayana.

Garin da muka sauka sunansa Guangzhou, 'yan kasuwarmu suna ce masa Gwanzu. Layin shiga dogo ne amma ba mai ture wani. Na'ura ta ɗauki yatsuna, wata yarinya cikin kaki ta dubi fasfo ta dube ni, ta buga hatimi. Na ɗauka an gama, sai wani ɗan ƙaramin kare ya zo ya zauna kusa da jakata ya ƙi tashi. Aka kai ni gefe aka buɗe. Kilishi suka fara ɗauka. Da jami'in ya kwance ƙullin daddawa sai ya ja da baya ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sunsuna ya kau da kai, ita ma ta tafi. Cittar ce kawai ya gane, ya ɗaga ta yana murmushi ya faɗi sunanta da yarensu. Ita da garin acca suka bar mini.

A waje na kunna wayata na ga ta zama banza, duk abin da muke hira da shi a gida ba ya aiki a can. Mama Emeka tana da layin ƙasar, da shi muka yi komai. Zafin garin irin mai ɗanƙo ne, kamar an rufe mutum a ɗakin da ake dafa ruwa. Masaukinmu yana unguwar da baƙaƙen fata suka fi yawa, can sama cikin wani dogon gini. Ɗakin bai fi shagona ba, katifar kamar katako, tagar kuma bangon wani gini take kallo. Ruwan zafi suke sha ko da rana tsaka, in ka nemi mai sanyi sai a dube ka kamar mai neman ciwo. Da safe na shiga lif na tarar da wani tsoho, na gaishe shi har da ɗan rusunawa yadda aka koya mana, sai ya matsa kusurwa ya zuba wa lambobi ido. Mama Emeka ta ce in daina wahalar da kaina, a nan ba a gaida wanda ba a sani ba. Har na baro ƙasar bakina bai daina ba.

Abin da ya fara taɓa mini zuciya a kasuwa ya faru. Wasu tsofaffin mata biyu suna ciniki a kan ganye, muryarsu tana hawa tana sauka, suna jan ƙarshen magana. Na tsaya cak, domin wannan ita ce muryar da na tashi ina ji daga gidan kallo, ita Yaya yake kwaikwaya a bayan gida. Na zaci faɗa za su yi, sai na ga sun rabu suna dariya. Mama Emeka ta ce yare biyu ne a garin, akwai na gwamnati da makaranta, akwai kuma na mutanen kudu, Kantonis, wanda aka yi finafinan faɗan da shi.

Yaya ya ce ba zai iya zuwa unguwarmu ba, sai dai mu mu je. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa har inda ya ƙare, muka hau bas. Ya ce zai tsaya ƙarƙashin gada. Na ga wani mutum da hular hana sallah da takunkumi a fuska ya jingina da ginshiƙi, na wuce shi ina neman ƙaton da na sani. Sai na ji an ce, “Auta.”

Ya rame, furfura ta cika masa gemu, haƙoransa na gaba babu, kuma yana jan ƙafar hagu. Na durƙusa zan gaishe shi, ya yi sauri ya ɗago ni ya ce mutane suna kallo. Mama Emeka ta gaishe shi a gajarce ta ce tana da kaya a kasuwa, ta juya. Daga baya ta gaya mini kuka ne ya zo mata.

Gidan da yake zama cikin wani lungu ne da gine-gine suka kusa haɗe kai, rana ba ta sauka ƙasa, ruwa yana ɗiga daga wayoyi da bututu. Kafin mu hau bene ya tsaya ya ce akwai abin da bai gaya mana ba. Yana da mata, yana da 'ya. Yana rufe baki aka buɗe ƙofa. Matar sunanta A-Fong, gajera ce mai sanyin fuska, ba ta jin Turanci ko kaɗan. Ta kama hannuna biyu ta juya su, ta ga kantar almakashi a babban yatsana, sai ta nuna mini nata. Ashe tela ce, a wani ɗakin ɗinkin riguna take aiki. Yarinyar ta ɓuya bayanta tana leƙe. Ba ta wuce 'yar aji biyu ba, goshin Mama ne sak a fuskarta, kuma sunan Mama ya sa mata, Saratu, su suna kiranta Sa-sa. Hausar da ta sani ba ta wuce zo, da bari, da sannu ba.

Gashinta ne ya dame ni. Ya cukurkuɗe an tattara shi da roba, uwar ba ta san yadda ake yi da irinsa ba, uban kuma namiji ne. Washegari na sa aka sayo mai, na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna na taje shi a hankali na yi mata kitso. Ta yi kuka da farko, daga baya ta yi barci a cinyata. A-Fong ta ja kujera ta zauna tana bin yatsuna da ido, ta sa na warware layi ɗaya na sake don ta gani. Da yarinyar ta farka ta ga kanta a madubi ba ta yi murmushi ba, ta dai daɗe tana shafawa.

Na koma gidan da kwana, ni da yarinyar a gado ɗaya. Da safe kunun shinkafa suke sha, ba suga ba tsamiya, da wani baƙin ƙwai a ciki wanda na kasa haɗiyewa. Ƙafar kaza da muke ba yara, a wurinsu abin karrama baƙo ne. Miya kuma shanta suke yi ita kaɗai kafin abinci. Tsinkayen cin abincinsu sun gagare ni, ran nan da na gaji sai na soke su a tsaye cikin shinkafa don in huta. A-Fong ta yi wuf ta zare su, fuskarta ta canza. Yaya ya ce haka ake ajiye wa matattu abinci. Na ba ta haƙuri, ta yi ta girgiza kai tana kallon wayata da hoton Mama yake ciki.

Ni ma na karɓi kicin na yi faten acca da ganyen da na samu mai kama da alayyafo, ba daddawa. Sa-sa ta ɗanɗana ta tofar. Yaya ya ajiye tsinke ya nemi cokali, ya juya mana baya yana fuskantar bango, ya cinye ya ƙara. Duk lokacin da na ɗauko zancen Mama sai ya tambaye ni wani abu dabam, ko mangwaron nan yana nan, ko wane ya yi aure, ko an gyara gadar Kakuri. Da na matsa sai ya ce gobe yana da aiki, in zo in gani tukuna.

Wurin ɗaukar fim ɗin yana wajen gari. Titi ne guda irin na zamanin da, da shaguna da jajayen fitilu, amma in ka zagaya baya babu ɗaki ko ɗaya, allunan katako ne aka tokare da sanduna. Wani ɗan tsoho mai sanƙo ya tarbe mu, yana rungume da gorar shayi. Shi ne Baba Lau, mai tsara faɗa, wanda ya fara ganin Yaya yana sauke kaya ya ɗauke shi. Ya zaunar da ni ya zuba mini shayi a kofin da bai fi murfin kwalba ba, Yaya ya nuna mini in ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyarsu ke nan. Tsohon yana magana Yaya yana mayar mini. Ya ce a zamaninsa, a Hong Kong, jarumi da kansa yake faɗa, yanzu kuwa gajerun finafinai ake yi na kallo a waya, jaruman kyawawan yara ne da ba su iya ko tsayuwa ba. Ya ce duka ba ya yin kyau a ido sai in wanda aka buga ya iya faɗuwa, kuma a cikin duk waɗanda ya koyar ba wanda ya kai yayana iya faɗuwa. Ya faɗi haka yana dafa kafaɗarsa, da alfahari.

Na tambayi zancen ƙafar. Yaya bai so ya fassara ba, tsohon ne ya nuna mini da hannu: igiyar ƙarfen da ake rataya mutum ta tsinke, daga saman rufi har ƙasa. Ba su je asibiti ba, wurin wani mai ɗori Baba Lau ya goya shi ya kai shi, ya yi watanni a kwance. Faɗuwar ta yi kyau a kamara, don haka ba a cire ta daga fim ɗin ba.

Don in sauya zance na ce yaya aka yi ya iya yarensu da wuri haka a fim ɗin farko. Ranar ce kaɗai na ji ya yi dariya sosai. Ya ce ba muryarsa ba ce, wani aka ɗora daga baya. Shi dai an ce ya ɓata rai ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa, sai ya yi ta kiran lodi kamar kwandasta, Kakuri, Makera, Sabon Tasha, saura mutum ɗaya.

Aka kira shi. Suka sa masa baƙaƙen kaya, suka rufe masa rabin fuska. Jarumin yaro ne fari sol, wata tana riƙe masa lema, wata tana shafa masa hoda. Aikin shi ne yaron ya yi shuri daga saman matakala, Yaya ya gangaro har ƙasa. Aka yi, ya gangaro, ya tashi yana ɗingishi ya koma sama. Darakta ya ce a sake. Aka sake, aka kuma sakewa, wai gashin yaron ya rufe masa ido, wai lema ta shiga hoto. Kowace faɗuwa ina jin ƙarar bayansa a kan katako. A wata sakewar yaron ya kuskure, takalminsa ya sami Yaya a baki da gaske. Da ya iso ƙasa na ga ƙyallen fuskarsa ya jiƙe.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na tsinci kaina gaban kamara ina cewa ya isa haka, da Hausa, ina nuna yaron da yatsa. Darakta ya fara zazzaga faɗa. Yaya ya miƙe da ƙyar, ya riƙe hannuna ya mayar da ni gefe, ya koma ya sunkuyar da kai gaban darakta, ya sunkuyar gaban yaron da bai kai ɗan cikinsa ba, yana ba su haƙuri. Mutumin da samarin Makera suke jeruwa su rusuna masa. Aka canza masa ƙyalle, ya hau matakala. Ni na zagaya bayan allunan katako na zauna a kan bulo na yi kukana. Can Baba Lau ya zo ya ajiye mini shinkafa a 'yar roba, da cokali, ya koma.

A bas ɗin dawowa muka zauna can baya, leɓensa ya kumbura. Nan ya gaya mini komai. Bizarsa ta mutu tun yana kwance da karaya, daga nan bai sake zama mai takarda ba. Shi ya sa ba asibiti, shi ya sa ba ya zuwa inda ake tare baƙaƙe a duba fasfo, shi ya sa ba a ɗaura musu aure a hukumance ba. In yana son fita sai ya kai kansa, a tsare shi iya lokacin da aka ga dama, a sa shi a jirgi, a rufe masa ƙofar dawowa na shekaru. Sunansa ba ya kan takardar haihuwar yarinyar, ba shi da ikon fita da ita, A-Fong kuma tana da tsohuwar uwa a ƙauye da take ciyarwa.

Raina a ɓace yake tun daga wurin fim. Na ce, “Wato uwar da ta haife ka za ta mutu tana kiran sunanka, kai kana nan yara suna shurinka.”

Ya ce, “Ko yau na kai kaina, ban san ko zan same ta da rai ba. Mama ta san fuskata, Auta. Wannan yarinyar kuwa in na tafi yanzu, kafin a bar ni in dawo ta manta da ni, kuma ita kaɗai ce baƙa a makarantarsu.”

Na ce to me zan ce wa Mama.

“Ki gaya mata gaskiya. Ni na kasa.”

Ba mu sake tayar da zancen ba. Sauran kwanakin na bi Mama Emeka kasuwa na sayi ɗan yadi don kada a ce na dawo hannu biyu, da sabon almakashi wanda har yau bai zauna mini a hannu ba. Ranar Lahadi Yaya ya kai ni inda suke sujada, wani ɗaki a saman bene, mutanen ƙasashe dabam-dabam, ba ganga ba tafi, ana rera waƙa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su kai ƙara. A-Fong kuwa tana dawowa daga aiki sai ta hau keken ɗinkinta, ta tambaye ni faɗin kafaɗar Mama da hannu, ta ɗinka mata rigar sanyi mai auduga a ciki, mai maɓalli a gaba don mai shanyayyen hannu. Ɗinkin ya fi nawa kyau. Ranar da zan tafi ta kunna turaren tsinke gaban wani ɗan jan kanta a bango, ta ɗora hoton Mama a waya kusa da shi tana motsa baki. A matsayina na Kirista ban san abin da ya kamata in ce ba, sai na tsaya tare da ita.

Yaya bai iya raka ni filin jirgi ba. A ƙofar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa muka rabu, shi yana bayan shinge riƙe da hannun Sa-sa. Ya koya mata ta ce sai wata rana, ta faɗa a karkace. Na ce ya kula da ƙafar. Ya ce in gaida mutanen layi, in sun tambaya in ce yana nan lafiya.

Ranar da na iso Kakuri, da yamma keke mai ƙafa uku ya sauke ni ƙofar gida. Na shiga ɗakin Mama na durƙusa, amma ba ni take kallo ba, ƙofar da ke bayana take kallo. Ta daɗe tana kallonta. Na rufe ƙofar na zauna a bakin gado na gaya mata duka, ƙafar, da haƙoran, da takardun, da matakalar. Na nuna mata bidiyon yarinyar da kitsonta, na ce sunanki ya sa mata. Ta sa na maimaita bidiyon har batir ya mutu. Daga ranar ba ta sake kiran sunan Yaya ba, ban sani ba ko fushi ne ko haƙura. Rigar A-Fong dai ba ta yarda a cire mata ita sai za a wanke.

Ana saura 'yan makonni Kirsimeti, Mama ta rasu. Muka kai ta ƙauyenmu wajen Zonkwa, kusa da kabarin Babanmu. Yaya ya samo hanyar da zai kira a ga fuska, ya roƙe ni in riƙe masa wayar a bakin kabari. Sabis a ƙauyen sai an hau tudu, don haka na bar wurina na 'yar mamaciya na hau kan wani dutse a gefe, na ɗaga wayar sama ina nuna taron. Na gan su su uku a ɗan ɗakin nan, ya sa farar riga, can gari ya fara duhu. Da mata suka ɗauki waƙa na ji yana bi da muryarsa da ta dushe. Fasto yana cikin addu'ar ƙarshe, maza sun kama igiya, hoton ya tsaya cak, sannan ya ɗauke. Na yi ta juya wayar gabas da yamma, ban sauko ba sai da na ji ƙarar ƙasa a kan akwati.

Sai da aka watse, mata suna raba abinci, kiransa ya shigo, murya kawai.

“An rufe?”

Na ce an rufe.

Ina jin yarinyar tana yi masa magana da yarensu, tana maimaita tambaya ɗaya. Ya amsa mata a hankali, sannan ya ce mini tambaya take yi ko an gama, ko za a sake. Ya ce in je in ci abinci, ya kashe wayar.